Ranar da Babarbare Ya Ci Baba a Dara

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara shigo mana Azare har ana hawa katanga neman sabis, ni abin da ya ɗauke min hankali daban ne. Wasannin zama ne: ludo, daraf, maciji da tsani, kai duk wani abin da za a shimfiɗa a tabarma a kewaye shi ana gardama. Ina koyarwa a wata sakandare a cikin gari, amma in ka buɗe durowar littattafaina, kwalayen wasa sun fi littattafan yawa. Matata takan ce da a ce ƙwaƙwalwar da nake ƙonawa a kan ludo a kan ɗalibai nake ƙona ta, da tuni an ba ni shugaban makaranta.

Ni da abokina, malamin lissafi a makarantarmu, mun ɗauki kanmu manyan malaman wannan fanni. Ba ma sayen wasa da ka. In mun shiga shagon mai kayan wasa a kasuwa, sai mun girgiza kwali mun saurari ƙarar abin da ke ciki, sai an buɗe mun ga 'ya'yan da idonmu, sai mun murza allon mun ji ko zubewar shayi ɗaya za ta kashe shi. Ludo in ba mai gilashi ba ne, ko kallo bai ishe ni ba. Ina kuma da wata doka da nake ji da ita sosai: duk wasan da ɗansa ɗaya zai ɓace ka kasa maye gurbinsa da marfin kwalbar lemo, to asarar kuɗi ne. Mai shagon da ya hango mu sai ya ce, "To, ga alƙalai nan sun iso, a ɓoye na jabu." Mu kuwa kanmu ya ƙara kumbura.

Mahaifina bai taɓa kallon waɗannan kwalaye a matsayin wasa ba. Shi ɗan dara ne. Tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, kuma kullum bayan la'asar yana gindin bishiyar mainar da ke ƙofar gidanmu shi da 'yan majalisarsa. A haƙa gurabe talatin a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinken kara, wancan da ƙwallon dabino. In ka jera uku a layi, ka ɗauke ɗan abokin wasanka ɗaya, haka har a cinye mutum. Daga unguwanni ake zuwa gwada Baba, a koma ana ƙunƙuni.

Ni dai daga nesa nake kallo. Mu Fulanin gida ne, kuma ni ne ɗan fari, kun san yadda abin yake. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne sunana a bakinsa, in yana zancena da wani kuma "yaron nan", ko da na yi gemu na ajiye iyali. Ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, balle a zo maganar wasa.

Wata safiya bayan kaka, hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mun yi makonni a asibiti, Allah ya sa da sauran kwana, muka dawo gida da shi yana jan ƙafa, hannun dama yana rawa, magana tana fita da ƙyar kamar harshen ya yi masa nauyi. Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce, "Malam, namu ya ƙare, saura naku. Ya riƙa ɗaukar ƙananan abubuwa da hannun nan, ya riƙa magana, ya fita cikin mutane. In ya kwanta ya zuba wa bango ido, hannun zai tafi ke nan, kuma mutumin ma zai bi shi a hankali."

To, abin da Baba ya yi ke nan. Ya kwanta ya zuba wa bango ido. Ya kafa doka kada ɗan majalisa ko ɗaya ya wuce zaure, a karɓi gaisuwarsu daga can. Ya gwammace ciwon da a gan shi yana jan ƙafa, miyau yana kufce masa a gefen baki. Abinci sai mahaifiyata ta yi da gaske yake cin loma uku. Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin da muryarsa take cika unguwa ya koma sai ka kasa kunne kafin ka ji numfashinsa.

Amma da na tuna maganar likita, ƙananan abubuwa, magana, zama da mutane, sai na ce ai abin nema ya samu. Wannan fannina ne. Duk garin Azare wa ya fi ni sanin wasan da ya dace da mutum?

Na zaɓo ludona mafi kyau, mai gilashi, na goge shi tas. Mahaifiyata ta gan ni da shi a hammata na nufi ɗakin Baba, ta ce, "Kai za ka zauna wasa da shi? Ɗan fari?"

Na ce, "Inna, ai wannan magani ne, ba wasa ba."

Ta taɓe baki ta ci gaba da aikinta. Don kunyar ta ragu, na jawo abokina ya zama na uku.

Abin mamaki, Baba bai kore mu ba. Ya tashi zaune, aka jingina shi da matashi, ya saurari bayani, ya kaɗa ƙwaya da hannun hagu, yana tura 'ya'yansa da na dama a hankali. Zuciyata fes. Can wasa ya yi nisa, sai ga ɗan Baba a gabana, ƙwaya ta ba ni huɗu, huɗun nan kuwa daidai kansa. Hannuna ya ƙi tafiya. Yaya zan ci ɗan mahaifina in mayar da shi gida, yana zaune hannunsa yana rawa? Sai na kau da kai na tura wani ɗan can daban. Abokina ya gane, shi ma ya bi sahu. Baba ya shigar da 'ya'yansa huɗu ba wanda ya taɓa shi, muka hau tafi muna, "Baba ya ci! Wallahi Baba ya ci!"

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Washegari ma ya ci. Rana ta uku ina ajiye ludon ya ce, "Ɗauke."

Muka zauna a teburin mai shayi ni da abokina muka yi nazari irin na masana. Muka yanke hukunci cewa laifin ludo ne. Wasan sa'a ne, ƙwaya ce take yi maka tunani, ina mai dara zai ji daɗinsa? Abin da ya dace da Baba daraf ne, wasan ƙwaƙwalwa. Nawa na gida ya tsufa, don haka muka je kasuwa muka wahalar da mai shago kusan awa guda, muka zaɓo na katako mai nauyi, 'ya'yansa manya yadda hannu mai rawa zai iya kamawa. A nan dai kam na yi tunani mai kyau, ku ba ni wannan.

Matsalar daraf ita ce in ci ya zo maka dole ka ci. Da ci ya zo min, sai na yi kamar ban gani ba. Baba ya miƙo yatsan hagu ya nuna wurin ya ce, "Ci."

Na ce, "Au, ban lura ba, Baba."

Na ci ɗaya, sannan don in wanke laifina na tura masa biyu a baki. Ya kalli allon. Sai ya sa bayan hannu ya ture shi gefe, ya koma ya kwanta.

Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na hau mota na tafi Kano. Na ce ai duk waɗannan Baba ya raina su ne, sai an kawo masa abin da bai taɓa gani ba. A wani babban kanti na ga wani ƙaton kwali mai sheƙi, wasan sayen filaye da gina gidaje, da kuɗinsa na takarda kala-kala, da katuna cike da Turanci, da 'yan gidaje ƙanana kamar ƙwayar masara. Mai kantin ya ce 'ya'yan manya ne suke yin sa. Na san sarai ya karya dokata ta marfin lemo, don in gida ɗaya ya ɓace sai dai haƙuri. Amma kwalin ya riga ya tafi da imanina. Na rungumo shi a cinya tun daga Kano har Azare, ban yarda an sa min shi a but ɗin mota ba.

Mun kwashe rabin yini ni da abokina muna fassara dokokinsa kafin mu shiga wurin Baba. Ina ta zuba bayani, nan ka sayi fili, nan ka gina gida, wanda ya sauka a gidanka ya biya haya. Baba ya ɗaga hannu, ya haɗa kalmomin da ƙyar ya ce, "Wanda... ya kasa biya fa?"

Na ce, "Sai a karɓe gidajensa ya fita daga wasa."

Ya ce, "Subhanallahi."

Duk da haka ya daure aka fara. Abokina ne mai riƙe da kuɗin wasa, sai na lura duk lokacin da na Baba suka yi ƙasa, yana zura masa wasu a ƙarƙashin gefen tabarma. Na ji daɗi har na ƙifta masa ido. Ashe Baba yana gani. Ya sa hannu ya zaro takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora su a gwiwar abokina, ya juya ya fuskanci bango. Ranar ko loma ukun bai ci ba.

Na fito na tarar da mahaifiyata tana gyaran wake a tsakar gida. Na ce, "Inna, na rasa irin wasan da Baba yake so."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka gama sayayyar, ko akwai sauran kantin da ba ka shiga ba?"

Na juya zan wuce.

Ta ce, "Zauna in gaya maka. Tun da aka kawo ni gidan nan, in mahaifinka ya ci dara, shigowa yake ya ci tuwonsa ya kwanta, ba labari. Amma ranar da aka ci shi, ranar ne gidan nan yake da rai. Ya shigo yana faɗa, ya ci malmala biyu, ya zauna yana zane a ƙasa yana lissafin inda ya yi kuskure, gari na wayewa yana jiran la'asar. Ku kuwa kun zauna kuna yi masa tafi kamar mai koyon tafiya. Hannunsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba. Duk sanda kuka bar masa, gaya masa kuke yi ya ƙare."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan randa. Na ce, "To Inna, ni ba zan iya cin Baba ba."

Ta ce, "Na sani. Kai kunya, abokinka tausayi, 'yan majalisa kuma girma za su ba shi. Mutum ɗaya na sani da ba ya jin ko ɗaya a cikin waɗannan a kan mahaifinka. Ka je Gamawa ka ɗauko Babarbaren nan."

Wani tsohon abokin Baba take nufi, ɗan kasuwar kanwa, wanda suka shekara da shekaru suna kashe juna a dara kafin ya koma Gamawa wurin 'ya'yansa. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, a yi ta zagin juna a gaban jama'a, kuma haramun ne wani ya yi fushi. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa ubansa ba, Babarbare zai faɗa wa Bafillace a tsakiyar kasuwa a yi dariya.

Na ce, "Amma Baba ya ce kada kowa ya shigo."

Ta ce, "Yaushe aka taɓa hana Babarbare shiga gidan Bafillace?"

Ranar Asabar da sassafe na hau babur ɗina na kama hanyar Gamawa. Na same shi a rumfarsa cikin buhunan kanwa, ƙaton mutum baƙi mai zane a fuska, muryarsa kamar ganga. Yana ganina ya fara, "A'a, ɗan bawana ne! An aiko ka da nono ne?" Da na gaya masa abin da ya faru, sai dariyar ta ɗauke. Ya zauna a kan buhu, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Wata nawa, ba wanda ya aiko min?" Na ba shi haƙuri, na kuma kwashe labarin ludo da daraf da kwalin Kano na faɗa masa, ban rage komai ba. Ya share fuska da hannun riga, ya buɗe wani tsohon gwangwani ya ƙirgo ƙwallon dabino goma sha biyu ya zuba a aljihu, ya ce, "Tashi mu je. Kuma ka tuƙa a hankali, ba saniya ka ɗauko ba."

Mun iso ana fitowa daga sallar la'asar. Sallama ɗaya ya yi a zaure, bai jira amsa ba ya kutsa har ɗakin Baba, ina biye da shi.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu ya ce, "Tabɗi! Ashe gaskiya ne. An ce min bawana ya kwanta don kada ya yi min aiki. Kai Fillo, wannan lalaci har ina? Kakanka da ƙafa ya bi shanun kakana har bakin Chadi, kai daga nan zuwa ƙofar gida ya gagare ka?"

Baba ya juyo a hankali. Na ga wani abu ya motsa a fuskarsa wanda rabona da shi tun kafin asibiti. Ya ce, "Wa... ya bar wannan ya shigo?"

"Wa zai hana ni? Gidan bawana gidana ne." Ya waiga ya ga kwalayena a jere a gefe, ya taɓa na Kano da yatsan ƙafa ya ce, "Wannan kuma kayan lefen wa?"

Na yi saurin cewa ko in kawo faranti da yashi a yi darar a nan ɗaki. Ya harare ni ya ce, "A ɗaki? Ni mai jego na zo gani? Dara a gindin bishiya ake yin ta. Ina waje. In Fillo yana jin tsoro, ya aiko a gaya min in koma Gamawa in ba da labari."

Ya fice. Muna jin sa daga ɗaki yana haƙa gurabe yana shela da ƙarfi yadda duk layin zai ji: "Jama'a ku taru! Yau za ku ga yadda Bafillace yake ɓuya a bayan matarsa!" 'Yan majalisa, da suka yi watanni suna zaman shiru a wurin, aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Ni ina tsaye a ɗaki ban san inda zan sa kaina ba. Baba yana kallon rufi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Daga waje aka sake ɗaga murya: "A kawo masa zani da ɗankwali!"

Sai na ji Baba ya ce, "Kai."

"Na'am, Baba."

"Sandata."

Na miƙa hannu zan tallafe shi, ya buge hannun. Daga ɗakinsa zuwa gindin mainar nan ba ta fi taku arba'in ba, amma mun daɗe a hanya. Yana dogara sanda, yana jan ƙafa, yana tsayawa ya huta, ina bayansa hannuwana a buɗe kamar mai tare kaza. Da ya ɓullo daga zaure, 'yan majalisa suka yunƙura za su miƙe. Babarbaren ya daka musu tsawa: "Kada wanda ya tashi! Ango ne shi? Ku matsa masa kawai ya zauna ya karɓi kashinsa."

Aka shimfiɗa buzu, Baba ya zauna ya jingina da bishiya, aka ba shi tsinkayensa. A nan ne na tafka wautar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Duk da huɗubar da Inna ta yi min, da na ga yadda hannun Baba yake rawa a gaban mutane, sai zuciyata ta karye. Na durƙusa kusa da kunnen baƙon na raɗa masa, "Alhaji, don Allah a bi shi a hankali, ko na farkon nan ne a bar masa."

Mutumin nan ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama. "Jama'a ku shaida! Ɗansa yana ba ni cin hanci in bar masa! Kai Fillo, ashe haka kuke cin dara a gidan nan?"

Wurin ya kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya dube ni ya nuna can bakin zaure da haɓa ya ce, "Koma can." Na koma can.

Aka kasa 'ya'ya, wasa ya fara. Baba yana riƙe wuyan hannun dama da na hagu, yana kai tsinke gurbi a hankali. Ana cikin haka hannun ya kufce, tsinken ya faɗa gurbin da ba shi ya nufa ba, gurbin da kowa ya ga asara ce. Baba ya miƙa hannu zai gyara. Babarbaren ya tare da tafin hannunsa ya ce, "Ina! Ɗan da ya sauka ya sauka. Dokar wa? Dokarka ce. A gindin bishiyar nan ka kafa ta, ranar da tari ya sa na yar da ɗana ka ƙi bari in ɗauka. Ka manta? Ni ban manta ba."

Wani dattijo ya buɗe baki zai sa baki, ya fasa. Ni kam na gama yanke cewa na kashe Baba da hannuna, yanzu zai nemi sanda ya koma ɗaki, kuma ba zai sake fitowa ba har abada.

Baba ya kalli tsinken, ya kalli abokinsa. Sai ya janye hannunsa ya ce, "Yi wasa."

Ai kuwa ya yi. Ba sani ba sabo. Ya samu irin zaman da 'yan dara suke cewa hawa doki, inda ɗa ɗaya yake kai-komo tsakanin gurabe biyu, duk motsi sai ya jera uku. Ya dinga tsince tsinkayen Baba ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ɗaga shi sama ya nuna wa jama'a, har ya share su. Ya tashi da babbar rigarsa yana taka rawa yana kewaya bishiya, ƙato da shi.

Sai Baba ya fashe. Ya fara da Hausa, da ta yi masa kaɗan ya koma Fillanci, yana nuna shi da sanda, yana ce masa ɓarawon zaune, mai cin kanwa, wanda bai iya komai ba sai cin mara lafiya. Kalmomin suna fita a karkace, wasu suna maƙalewa, amma fita suke, jimla bayan jimla. Tun da ya faɗi ban ji ya haɗa kalma biyar a jere ba sai ranar. Ya ƙare da buga sanda a ƙasa ya ce, "Sake kasawa!"

Babarbaren ya ce, "A sake cin ka?"

A nan dariya ta ƙwace wa Baba. Bakin a karkace, miyau yana zuba, ko a jikinsa. Majalisa gaba ɗaya ta ɗauka, har da masu tafawa. Ni ma ina dariya, sai na ji fuskata ta jiƙe. Na juya zan shige gida kada a gani, na yi kiciɓis da mahaifiyata a cikin zaure, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba, tana leƙe ta jikin ƙofa tana goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Me kake kallo? Je ka sayo nama, baƙo zai kwana."

Sau uku aka ci Baba kafin magariba. Ya shigo gida yana faɗa, ya cinye malmala biyu.

Baƙon da zai kwana ɗaya sai da ya yi kwana tara a zaurenmu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne safiya. Ina fitowa zan tafi makaranta sai in tarar da Baba a tsakar gida ya haƙa gurabensa shi kaɗai, yana ɗaukar tsinke da hannun dama yana sakawa, yana cirewa, yana sakawa, don kada hannun ya sake ba shi kunya a gaban Babarbare. Aikin da likita ya ce a yi, wanda na yi ta sayen kwalaye a kansa, ga shi yana yi ba wanda ya sa shi. Rana ta takwas Baba ya ci Babarbaren. Unguwa ta ɗauka kamar an yi haihuwa. Baba ya ce masa, "Tattara kanwarka ka koma Gamawa, na 'yanta ka." Ya ƙara kwana ɗaya wai don ya rama, aka sake cin sa, na mayar da shi a babur yana ta mita har muka wuce gari. Da zai sauka ya zuba min ƙwallayen dabinonsa a hannu ya ce in ajiye masa, zai dawo.

Washegari bayan la'asar na zo wucewa ta gaban majalisa, na rage tsawo na gaishe su kamar kullum. Sai na ji, "Kai."

Na tsaya.

Baba ya nuna wurin da ke gabansa, ɗaya gefen gurabe, ya ce, "Zauna."

Dattawan suka kalli juna. Ɗan fari, a gaban jama'a. Wani ya ce, "Malam, yau kuma?" Baba bai kula shi ba. Na zauna a ɗarare, na fito da ƙwallayen dabinon nan daga aljihu. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai saba ba, ya ce, "In ka bar min ko ɗa ɗaya, kada ka sake kawo min wasa."

Na tattaro duk ilimin da nake taƙama da shi. Can Allah ya ba ni, na jera uku. Yanzu sai in ɗauke tsinken Baba ɗaya. Na miƙa hannu, na zaɓi wanda na san ya fi yi masa amfani, na cire shi daga gurbi na ajiye a gefena, kaina a ƙasa.

Baba ya ce, "Yauwa."

Daga nan ya share ni tas, ban sake jera ko biyu masu amfani ba. Masanin wasanni na garin Azare, da hannun da ya shanye aka yi masa wannan aika-aika, ana dariya har da mai shagon kayan wasa da tsautsayi ya kawo shi wucewa.

Baba ya ƙara shekaru masu albarka bayan nan. Ƙafar ba ta koma daidai ba, amma hannun ya dawo har yana ɗaure akuya da shi, bakin kuwa har ya fi da. Daga baya ma shi da kansa ya ce a fito da ludon nan mai gilashi, ya dinga cin mu ba tausayi, mu ma muna cin sa. Kwalin Kano kuwa sau biyu aka ƙara buɗe shi, 'yan gidajen suka bi shara ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda dokata ta faɗa tun farko. Baba da abokin nasa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu ya haɗa su a Aljanna, ko da yake na san in sun haɗu sai an raba gardama.

Har yau ina sayen wasanni, halin bai bar ni ba, kuma har yau ina girgiza kwali. Amma in wani a cikinku ya tambaye ni wanne ya cancanci saya, nakan fara tambayarsa da wa zai yi, kuma shin mutumin zai iya cin sa ba kunya. In akwai wannan mutumin, ko marfin lemo kuka jera a ƙasa kun more. Ƙwallayen dabinon nan goma sha biyu suna nan a durowata, a saman duk kwalayen. Na ci jarrabawa, na samu aiki, na yi aure, na gina gida, Baba bai taɓa yaba min da baki ba, don ba a yi wa ɗan fari haka. "Yauwa" ɗaya na samu a wurinsa duk rayuwata, ranar da na ci masa ɗa, kuma ta ishe ni.